Shaidar Mai Magani: Sharhi A Kan Littafin Dakta Frank

Duk wanda ya bi Titin Zariya ta wajen Gyadi-Gyadi da hantsi zai ga masu neman lafiya iri iri. Ga babban Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa cikin 1988, mutane suna shiga suna fita, kowa da katinsa a hannu. Ba nisa da nan ga kantunan masu maganin Musulunci, an jera kwalaben zuma da habbatus sauda. In ka kutsa lunguna wajen Tarauni sai ka iske malami zaune a zaure, alluna jingine da bango, masu karɓar rubutu suna jira a waje.

Da yawa cikin mutanen nan ba jikinsu ke ciwo ba. Wani barci ya ƙaurace masa, wani faɗuwar gaba ta hana shi sakat, wata kuwa tun da ta haihu ba ta sake dariya ba. Turawa suna da wata hanya ta yi wa irin waɗannan jiyya, wadda babu allura cikinta, babu ƙwaya. Majiyyaci ya kan zo ya zauna da wanda ya koyi aikin, su yi zance kamar sa'a guda, mako mako, har abin da ya ƙulle a zuciya ya warware. A nan za mu kira ta jiyya da magana. Tambayar da na ke so mu duba ita ce: in mutum ya sami sauƙi ta wannan hanya, ko ta hanyar malam, me mai maganin ya gani da idonsa, kuma shaidarsa abin karɓa ce?

Abin da ya jawo ni ga wannan tambaya wani maƙwabcina ne, tela. Ana saura kwana kaɗan Salla ɓarayi suka fasa shagonsa, suka kwashe ɗinkin mutane kakaf. Bashi ya hau kansa, kunya ta rufe shi. Ya daina fita masallaci, ya daina cin abinci sai an matsa masa, dare ya raba yana zaune idonsa biyu. Wansa ya kai shi wurin wani malami, aka ce bakin mutane ne, aka ba shi rubutu na kwana bakwai. Surukarsa ta kawo mai ruƙiyya, aka ce shafar aljanu ce. Daga baya wani ɗan ƙanensa ya kai shi asibiti, aka ce ciwon damuwa ne, aka ba shi ƙwayoyi, aka kuma sa shi ya riƙa zuwa suna zance da wani ma'aikaci. Bayan wata biyar ya buɗe shago. Yau in ka tambayi dangi, wan ya ce rubutu ne, suruka ta ce ruƙiyya ce, yaron ya ce asibiti ne. Masu maganin nan uku kuwa, ko wane ɗaya ya sa telan cikin waɗanda Allah Ya warkar ta hannunsa. Shi telan da kansa yana da tasa amsa dabam, zan kawo ta nan gaba.

Abin Da Littafin Ya Ƙunsa

Wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Dakta Jerome Frank na Jami'ar Johns Hopkins, ya yi shekaru yana nazarin irin wannan gardama. Cikin 1961 ya fitar da littafi mai suna Persuasion and Healing, watau Shawo Kai da Warkarwa. An sake buga shi da gyare-gyare cikin 1973, sa'an nan cikin 1991, wannan karon tare da 'yarsa Julia, ita ma likita ce. A zamaninsa masu jiyya da magana sun rabu ƙungiya ƙungiya, ko wace tana cewa hanyarta ce ta gaskiya, alhali kuwa in an auna sai a ga majiyyatansu duka suna samun sauƙi kusan daidai da juna. Frank ya ce lalle akwai abin da suka yi tarayya a kai ba su sani ba.

A ganinsa, babban ciwon da ke kai mutum wurin mai magani shi ne karayar zuciya. Mutum ya ga ya kasa abin da shi da mutanensa su ke sa ran zai iya, ya rasa mafita, ya ga kamar shi kaɗai ne a duniya. Duk mai maganin da ya iya mayar wa mutum da ƙarfin zuciyarsa, to, ya yi rabin aiki. Ya ce abu huɗu ne ke yin wannan, kuma ana samunsu a ɗakin likita kamar yadda a ke samunsu wurin boka. Na fari, amana tsakanin majiyyaci da wanda ya ke ganin zai taimake shi. Na biyu, wuri wanda kowa ya san na neman lafiya ne. Na uku, bayani wanda zai ba ciwon suna da dalili, kuma su biyun su yarda da shi. Na huɗu, wani aiki da za su riƙa yi tare bisa ga bayanin nan.

To, mu ɗora wannan ma'auni a kan telanmu. Malam yana da zaure da buzu, ya ce baki ne, ya ba da rubutu a sha safe da yamma. Ma'aikacin asibiti yana da ofis da farar riga, ya ce damuwa ce, ya sa ranar dawowa. Ko wanne ya karɓi mutumin da ya ke jin ya zama abin nuni, ya saurare shi, ya gaya masa abin nan yana da suna kuma an taɓa ganin irinsa. A nan Frank ya faɗi gaskiya, kuma littafinsa ya cancanci yabo, domin ya sa likitan Turai ya zauna tabarma ɗaya da mai maganin gargajiya, aka auna su da mudu ɗaya, a zamanin da ba a saba yin haka ba.

Mu da muka yi karatun allo ba za mu yi mamakin wannan ba. Malam Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu cikin 934, ya rubuta littafin Masalihul Abdani wal Anfus, ya yi babi babi a kan fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi. Ya ba da shawara mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa, kamar yadda a ke ajiye magani a gida don ranar larura. Ya kuma lura mutum ya fi karɓar nasiha daga bakin wani bisa ga wadda zai yi wa kansa. Ashe jiyya da magana ba baƙuwa ba ce gare mu, sunan ne sabo.

Inda ya fi daɗi cikin littafin Frank, a ganina, shi ne labarin Quesalid, wani mutum daga cikin Indiyawan daji na yammacin Kanada, wanda masani Franz Boas ya buga tarihinsa cikin 1930. Shi wannan bai yarda da bokaye ba, sai ya shiga cikinsu don ya tona asirinsu. Suka koya masa ya ɓoye ɗan gashin tsuntsu a baki, ya ciji harshensa, ya tsotsi jikin maras lafiya, sa'an nan ya tofo gashin jina-jina ya ce ga cutar ya cire. Ya san sarai dabara ce. Amma da ya gwada sai maras lafiyar ya warke, ya sake gwadawa aka sake warkewa, har ya yi suna, ya koma yana alfahari da hanyarsa. Ka ga yadda warkewar majiyyaci ta kan sake zuciyar mai magani shi kansa. Tun yana shakka har ya sakankance.

Aibi Na Fari: Littafi Mai Shafi Ɗaya

Daga nan ne na fara rabuwa da Frank. Ya nuna sakankancewar mai magani ita kanta magani ce, domin tana zuba wa majiyyaci sa rai. Haka ne. Amma bai tsaya yadda ya kamata a kan ɗaya fuskar ba, watau sakankancewar nan ta kan rufe wa mai ita ido.

Mu akawuna an koya mana littafin kuɗi shafi biyu gare shi, na shiga da na fita. Akawun En'e na da, in ya kawo littafin haraji da shafin shiga kaɗai, ba a yaba masa, bincikensa a ke yi. To, littafin da mai magani ke riƙe da shi a zuciyarsa shafi ɗaya gare shi. Wanda ya warke ya kan dawo da goro da godiya, a rubuta shi. Wanda bai ji sauƙi ba ya kan yi shiru ya sake ƙofa, ba ya zuwa ya ce, "Malam, maganinka bai yi ba," don kunya da ladabi. Mai magani kuwa in ya ga mutum bai dawo ba sai ya ɗauka ya warke. Ba ƙarya ya ke yi ba, iyakar abin da ya iso ƙofarsa ke nan.

Akwai kuma waɗanda da ma za su warke ko ba a yi musu kome ba. Mutum ba ya neman magani sai abin ya kai maƙura, daga maƙura kuwa sau da yawa sauƙi ke biyowa. Cikin 1952 wani masani a London, Hans Eysenck, ya ta da ƙura da ya ce wajen kashi biyu cikin uku na masu irin wannan damuwa su kan sami sauƙi cikin shekara biyu, ko an yi musu jiyya da magana ko ba a yi ba. An yi ta gardama da shi, kuma daga baya an nuna ya wuce gona da iri. Cikin 1977 Mary Smith da Gene Glass suka tara bincike 375 suka auna, suka ga matsakaicin wanda aka yi wa jiyya ya fi mutum 75 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa ba samun sauƙi. Saboda haka jiyyar tana da amfani, ba shakka. Amma a lura, da ƙidaya aka tabbatar da haka, ba da shaidar masu maganin ba.

Shaidar tasu kuwa an gwada ta. Cikin 2005 Michael Lambert da abokan aikinsa suka ba da labarin wani gwaji da suka yi a wata jami'a ta Amurka. Aka tambayi masu jiyya da magana 48 su nuna, cikin majiyyata 550, waɗanda su ke jin za su ƙare jiyya halinsu ya fi na da muni. Har an gaya musu tun da fari wajen 8 cikin 100 su kan lalace haka. Duk da wannan mutum 3 kaɗai suka nuna. Da aka kai ƙarshe sai ga mutum 40 sun lalace, kuma ɗaya tak daga cikinsu ke cikin ukun nan. Wata 'yar takardar tambayoyi kuwa, wadda majiyyatan ke cikawa da hannunsu kafin su shiga, ta gano mafi yawansu. Cikin 2012 kuma aka tambayi masu wannan aiki 129 a Amurka su auna gwanintarsu da ta 'yan'uwansu. Ba ko ɗaya da ya sa kansa ƙasa da matsakaici, kashi ɗaya cikin huɗu kuwa suka sa kansu cikin goman farko na ko wane ɗari. Waɗannan fa masu digiri ne, ba masu tallan magani a mota ba. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani.

Aibi Na Biyu: Ba Duka Aka Taru Aka Zama Ɗaya Ba

Mai karatu da gaggawa zai rufe littafin Frank ya ce, ashe duk hanyoyi ɗaya ne, kowa ya bi wadda ya ga dama. Frank bai ce haka ba, amma ya bar ƙofar a buɗe, a ƙasarmu kuwa ƙofa ce mai haɗari. Gidan mari ma yana da wuri sananne, yana da bayani, yana da aikin da a ke yi kullum, kuma mai gidan ya sakankance. Cikin watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da ɗaruruwan mutane, waɗansu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya, bayan haka aka gano irinsa a waɗansu garuruwa. Wanda aka ɗaure wata shida lalle zai yi laushi, ya sunkuyar da kai, ya ce na'am ga kome. Mai gidan ya dube shi ya ce ya shiryu. Abin da ya gani tsoro ne, ya rubuta shi a shafin warkewa. Dokar mahaukata ta 1958, wadda ta samo asali daga ta 1916, ita ta yi ta aiki a Nijeriya har farkon 2023, sa'ad da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbinta, ta kuma hana ɗaure majiyyaci da mari.

Har ila yau akwai ciwon da zance kaɗai ba ya isarsa. Wanda ke jin muryoyi ba kowa, ko mai farfaɗiya, ko macen da hankalinta ya juya bayan haihuwa har ta ke neman cutar da jinjirinta, waɗannan a gaggauta kai su wurin likita. Al-Balkhi ma ya raba baƙin ciki biyu, mai dalili sananne da wanda ke faɗo wa mutum ba dalili, ya ce na biyun daga jiki ya ke, sai an haɗa da maganin jiki.

A wannan wuri likitocinmu sun ga abin da ya fi na littafin. Cikin 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya soma wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle majiyyata, sai a saukar da su a gidajen mutanen ƙauye, kowa da ɗan'uwansa mai kula da shi, suna zuwa asibiti da rana, kuma ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Cikin 2020 Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa suka ba da sakamakon wani gwaji a Ibadan da Kumasi, da majiyyata 307 masu taɓin hankali da ke hannun masu maganin gargajiya da na addini. Aka sa ma'aikatan lafiya su riƙa ziyartar waɗansunsu suna ba da magani da shawara, waɗansu kuwa aka bar su yadda su ke. Bayan wata shida waɗanda aka yi wa aikin haɗin gwiwa sun fi samun sauƙi. Ba a kori malam ba, ba a kuma bar shi shi kaɗai ba, kuma an ƙidaya.

Aibi Na Uku: Abin Da Ke Faruwa Bayan An Fita

Littafin Frank ya fi zama cikin ɗakin magani, inda mutum biyu ke fuskantar juna. Amma mako yana da sa'a 168, mai magani kuwa ɗaya ya ke gani cikinsu. Sauran 167 suna gida da kasuwa da masallaci.

Ga amsar telan. Na tambaye shi wace rana ya ji abin ya sake shi. Ya ce wata ranar Laraba ce, wani dattijo wanda shaddarsa na cikin kayan da aka sace ya yi sallama. Shi kuwa ya fito jiki na rawa, yana tsammani biyan bashi aka zo nema. Sai dattijon ya miƙa masa sabon yadi, ya ce, "Ɗinka mini wannan kafin Juma'a ta sama. Wancan Allah Ya riga Ya yi." Ya ce daren nan ya share kan kekensa, ya zuba masa mai. Ba ko ɗaya cikin masu maganin nan uku da ya san wannan labari, domin ba wanda ya tambaye shi.

Kada a ce na rushe aikinsu. Da bai sami barci ba ta dalilin ƙwayoyin asibiti, da bai iya zare allura ba. Da malam bai kwantar masa da rai ba, watakila da ko sallamar bai amsa ba. Da ma'aikacin nan bai saba masa da faɗin abin da ke ransa ba, da ni ma bai gaya mini ba. Kowa ya kawo nasa tubali. Kuskuren kawai shi ne ko wanne ya ɗauka shi ya gina gidan duka. Waraka ta Allah ce, sababanta kuwa suna da yawa, mai magani ɗaya ne daga ciki.

Abin Da Ya Kamata Mu Yi

Hukuncina a kan littafin nan shi ne, ya amsa tambayar abin da ke warkarwa amsa mai kyau, amma tambayar wa zai shaida an warke, ya bar ta ga na bayansa. Su kuwa sun nuna shaidar mai magani ita kaɗai ba ta isa ba, kome gaskiyarsa, kome ilminsa. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

A nan ne ku da kuka yi yaƙi da jahilci kuka sami abin yi da alƙalaminku. In akwai mai irin wannan larura a gidanku, ku sayi ɗan littafin rubutu. Ko wace Juma'a ku tambaye shi, shi da bakinsa, ku rubuta abu huɗu: barcinsa, da cin abincinsa, da aikinsa, da shigarsa cikin mutane. Ku rubuta ranar da aka soma ko wane magani da abin da aka kashe. Ku rubuta makon da aka ci baya kamar yadda za ku rubuta wanda aka ci gaba. In an yi makonni ba sauƙi, ku ɗauki littafin ku kai wa mai maganin, malam ne ko likita, ku nuna masa cikin ladabi. Na kirki zai yi murna, domin kun ba shi shafin da ba shi da shi, ya sake dabara ko ya tura ku gaba. Wanda ya husata, ko ya ce rashin imaninku ne, ko ya kawo zancen mari da bulala, ku ɗauke ɗan'uwanku ku tafi. In kuwa majiyyaci ya fara zancen kashe kansa, ba a jiran Juma'a, a kai shi asibiti ran nan.

Ku kuma masu magani, ku yi wa kanku tambaya ɗaya a ƙarshen ko wane wata: su wa suka zo sau ɗaya ko sau biyu ba su dawo ba, kuma ina su ke yanzu? Ku aika a gano muku. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu jiyyarsu haƙuri da gaskiya, amin.